Wa Ya Zo Na Uku? Yadda Ake Fitar Da Na Sama Daga Rumbun Bayanai

Duk ƙarshen zangon karatu, makarantu da dama a Katsina da Daura sukan miƙa wa kwamfuta aikin da a da malamin aji ke kwana a kansa da biro da rula: a tara makin kowane yaro, a jera, a ce wannan ne na ɗaya, wancan na biyu. Matasan da suka koyi rubuta manhaja a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko a Kwalejin Hassan Usman, ko ma a gida ta waya, su ne ke gina irin waɗannan manhajojin, kuma galibi a kan rumbun bayanai mai jin yaren SQL, wato yaren da ake rubuta wa rumbun tambaya da shi, suke ɗora su. Tambayar da ake yi wa rumbun gajera ce: ba ni na uku. Mai kantin magani ma zai ce a nuna masa kaya goma da suka fi fita a wata, akanta kuma ya nemi albashi na biyu mafi tsoka a ma'aikata. Duk tambaya ɗaya ce, kayan da ake jerawa ne suka bambanta.

Ta hanya biyu wannan aikin ke lalacewa. Ko amsar ta fito daidai amma sai an gaji da jira, ko ta fito nan take amma ba daidai ba. Na farkon kowa yana ganinsa, saboda haka ana gyarawa. Na biyun shi ya fi damuna, domin yaro ne ke komawa gida da matsayin da ba nasa ba, kuma babu wanda zai yi zargin kwamfuta.

A ce muna da jadawali mai suna sakamako. Kowane layi ɗalibi ɗaya ne, da lambarsa, da ajinsa, da ƙaramar hukumarsa, da jimlar makinsa. Biyar na sama sun samu 487, 481, 481, 476 da 470. Shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malam, fito min da na uku, za mu saya masa kyauta." Wanda ya san aikinsa ba zai rubuta komai ba tukuna. Zai ce, "Ranka ya daɗe, yara biyu sun yi kunnen doki a 481. Yaya makaranta ke ƙirga irin wannan?"

Amsoshi uku ne a nan, kuma kowacce tana da masu bin ta. Wata makarantar za ta ce su biyun duk na biyu ne, mai 476 kuma na huɗu, tunda mutum uku ne a gabansa. A wannan lissafin babu na uku kwata-kwata. Wata za ta ce su biyun na biyu ne, mai 476 shi ne na uku, ba a tsallake lamba. Wata kuma ba ta yarda da kunnen doki ba, dole ɗaya ya zama na biyu ɗaya na uku. SQL ya tanadi kowanne. RANK shi ne mai tsallakewa, zai ba da 1, 2, 2, 4, 5. DENSE_RANK ba ya tsallakewa, 1, 2, 2, 3, 4. ROW_NUMBER kuwa ƙirga kawai yake yi, 1, 2, 3, 4, 5. Ga yadda ake neman na uku da na tsakiyar:

```
SELECT lamba, jimla FROM (
  SELECT lamba, jimla,
         DENSE_RANK() OVER (ORDER BY jimla DESC) AS matsayi
  FROM sakamako
) x
WHERE matsayi = 3;
```

DESC na nufin a jera daga babba zuwa ƙarami. An naɗe tambayar cikin wata tambaya ne saboda rumbun yana tace layuka da WHERE kafin ya lissafa matsayi, don haka ba za a iya tacewa da matsayin a wuri ɗaya ba.

ROW_NUMBER ne ke bukatar taka-tsantsan. Idan aka ce masa ya jera da jimla kaɗai, alhali yara biyu suna da 481, babu ƙa'idar da ta ce wane zai riga wane. Wanda rumbun ya fara cin karo da shi a kan faifai shi zai ɗauka, kuma gobe idan an gyara wani layi ko an sake loda bayanai, zaɓin na iya juyawa. Yanzu a ɗauka gurbin tallafin karatu goma ake da shi, na goma da na sha ɗaya kuma makinsu ɗaya. Barin wannan hukunci a hannun tsarin da bayanai suka kwanta a faifai zalunci ne, ko da ba a yi da niyya ba. Masu ba da tallafin su ya kamata su faɗi abin da zai raba gardama, ko makin lissafi, ko halartar aji, ko duk abin da suka amince da shi, sannan a rubuta shi ɓaro-ɓaro: ORDER BY jimla DESC, lissafi DESC, lamba. Lambar ɗalibi a ƙarshe tana tabbatar da cewa amsar jiya ita ce ta yau. Mai rubuta manhaja ba shi da hurumin yanke wannan shi kaɗai, amma shi ne kaɗai ya san akwai abin yankewa, saboda haka nauyin tambaya yana wuyansa.

Mutum zai yi mamakin yadda abu mai sauƙi haka ya zama abin tattaunawa. Asalin abin yana cikin tushen SQL ɗin kansa. Edgar Codd, ma'aikacin IBM, shi ya fitar da tunanin rumbun jadawali a 1970, Donald Chamberlin da Raymond Boyce kuma suka gina yaren a kai cikin shekarun da suka biyo. A tunanin Codd, jadawali tarin layuka ne kawai, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. "Na uku" kuwa ba ya da ma'ana sai an yi jeri. Shi ya sa aka daɗe babu hanya madaidaiciya. RANK da 'yan'uwansa sun zauna a ƙa'idar SQL ta 2003. A cikin manhajojin rumbun bayanai da ake amfani da su, SQL Server ya kawo su a 2005, PostgreSQL a 2009 cikin fitowar 8.4, MySQL kuwa sai 2018 da fitowar 8.0, shekarar da SQLite ma ya samu a 3.25. Wannan tarihin yana da amfani ga mai aiki a nan: wanda ya kama hayar saba (server, kwamfutar da ake ɗora rumbun a kai) mai tsohon MySQL 5.7, ko yake rubuta manhajar da za ta yi aiki a tsohuwar wayar Android mai ɗauke da tsohon SQLite, zai rubuta DENSE_RANK rumbun ya ƙi karɓa. A MySQL, SELECT VERSION() zai faɗa maka abin da kake kai kafin ka fara.

A tsawon shekarun da babu waɗannan kayan aikin, mutane sun ƙirƙiro wata dabara da har yanzu take yawo a littattafan ɗalibai da tambayoyin ɗaukar aiki. Dabarar ita ce: na uku shi ne wanda maki iri biyu kacal ke sama da nasa.

```
SELECT * FROM sakamako s
WHERE 2 = (SELECT COUNT(DISTINCT t.jimla)
           FROM sakamako t
           WHERE t.jimla > s.jimla);
```

Tunanin yana da kyau, amsar ma daidai take da ta DENSE_RANK. Matsalar tana cikin yawan aikin. Ga kowane ɗalibi, rumbun zai sake bin dukkan jadawalin yana ƙirga waɗanda suka fi shi. A aji mai yara 40, gwaji 1,600 ke nan, ko ƙiftawar ido ba za a yi ba. A nan ne tarkon yake, domin da irin wannan ɗan jadawalin ake gwada manhaja a ga tana gudu. A ce kuma an ɗora ta a kan jarabawar jiha mai ɗalibai 200,000. Sai a ninka 200,000 sau 200,000, a samu biliyan 40. Yawan bayanai ya ninku sau dubu biyar, aikin ya ninku sau miliyan 25. Ƙara wa na'ura ƙarfi ba ya maganin wannan.

Jerawa gaba ɗaya ta fi wannan nesa ba kusa ba. Jera layi 200,000 yana cin gwaji wajen miliyan uku da rabi, kuma abin da tambayar DENSE_RANK ta sama za ta yi ke nan idan ba a taimaka mata ba. Amma ko wannan ya yi yawa ga mai neman mutum uku. Malamin da aka ajiye wa tulin takardun jarabawa aka ce ya zaro uku mafiya maki ba zai tsaya jera tulin ba. Zai riƙe uku a hannu, duk takardar da ya ɗaga ya gwada da mafi ƙanƙantar ukun. In ta fi, ya musanya, in ba ta fi ba ya ajiye. Wucewa ɗaya ya gama. Rumbunan zamani haka suke yi idan aka faɗa musu iyakar abin da ake so:

```
SELECT lamba, jimla FROM sakamako
ORDER BY jimla DESC, lamba
LIMIT 3;
```

PostgreSQL yana ma bayyana cewa ya bi wannan hanyar, za ka ga ya rubuta "top-N heapsort" a rahotonsa. LIMIT na MySQL ne da PostgreSQL da SQLite. SQL Server yana amfani da TOP 3, ƙa'idar SQL ta 2008 kuma ta kawo FETCH FIRST 3 ROWS ONLY, wanda rumbun Oracle ya karɓa a fitowar 12c. Idan ana son duk wanda ya yi kunnen doki da na ƙarshe ya shigo, sai a ce WITH TIES, wanda PostgreSQL ya samu a 2020. Masu tsohon Oracle su kula da ROWNUM: idan aka rubuta WHERE ROWNUM <= 3 sannan ORDER BY a tambaya ɗaya, rumbun zai ɗebi kowane uku da ya fara gani sannan ya jera su. Amsa za ta fito a tsare, amma ba na sama ba ne.

Duk da haka, ko wannan wucewa ɗayan sai an karanta layi 200,000. Abin da ke kawar da karatun baki ɗaya shi ne fihirisa. Fihirisa jeri ne da rumbun ke ajiyewa a gefe, a tsare tun farko, kuma yana gyara shi duk lokacin da aka shigar da sabon maki. Tsarin da aka fi amfani da shi, B-tree, Rudolf Bayer da Edward McCreight ne suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Kowane shafinsa yana ɗaukar ɗaruruwan alamomi, saboda haka hawa uku ko huɗu sun isa a kai ga kowane layi cikin miliyoyi.

```
CREATE INDEX ON sakamako (jimla DESC, lamba);
```

Wannan rubutun na PostgreSQL ne. A MySQL sai an ba fihirisar suna. Da zarar tana nan, tambayar LIMIT 3 ba ta jera komai. Rumbun zai sauka bakin fihirisar, ya karanta uku, ya tsaya. Ɗalibai su zama dubu ko miliyan goma, aikin kusan ɗaya ne. A ganina wannan shi ne ainihin ilimin da ke cikin wannan maudu'in: gwaninta ba ta cikin rubuta tambaya mai sarƙaƙiya, tana cikin rubuta ta yadda jerin da ake nema zai dace da jerin da fihirisa ta riga ta ajiye. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowace fihirisa tana cin wuri, tana kuma ƙara nauyi ga duk shigar da bayani, don haka ana yin ta ne domin tambayar da ake yawan yi.

Da fihirisa, har tsohuwar hanyar neman na biyu takan zama mai kyau: SELECT MAX(jimla) FROM sakamako WHERE jimla < (SELECT MAX(jimla) FROM sakamako). Leƙe biyu ne kawai cikin fihirisa. Ba ta miƙuwa zuwa na bakwai ko na ashirin ba tare da ta zama abin tsoro ba, shi ke nan laifinta. Ga waɗannan, a fara nemo makin, sannan a nemo masu shi:

```
SELECT * FROM sakamako
WHERE jimla = (SELECT DISTINCT jimla FROM sakamako
               ORDER BY jimla DESC
               LIMIT 1 OFFSET 2);
```

OFFSET 2 ne ke ba da na uku, domin biyu ake tsallakewa. Sabon hannu yakan sa 3 ya fito da na huɗu. In aka cire DISTINCT kuma, wanda ke ƙirga makin da ya maimaitu sau ɗaya, 481 za a samu a misalinmu, ba 476 ba.

OFFSET yana da wani aibi da ba ya fitowa sai an yi nisa. Rumbun ba ya tsallake layukan da gaske, karanta su yake yi yana zubarwa. Manhajar da ke nuna sakamako hamsin-hamsin za ta buɗe shafin farko nan take, amma a shafi na dubu biyu sai ta karanta kusan layi 100,000 kafin ta miƙa hamsin. Maganin shi ne a tuna inda aka tsaya, a ce wa rumbun ya ci gaba daga ɗalibin da makinsa da lambarsa suka zo bayan na ƙarshen shafin baya. Fihirisa za ta sauka daidai wurin.

Inda abin ya fi daɗi, kuma ya fi bukatar tunani, shi ne idan aka ce uku na sama a kowane rukuni. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34. A ce ana son uku mafiya maki daga kowacce, daga Jibiya har Funtuwa, daga Baure har Sabuwa, domin kada yaran birni su cinye guraben duka. Hanyar da ta fi sauƙin karantawa ita ce a ƙara PARTITION BY, wato a sake ƙirga daga ɗaya a kowace ƙaramar hukuma:

```
RANK() OVER (PARTITION BY karamar_hukuma
             ORDER BY jimla DESC)
```

sannan a tace waɗanda matsayinsu bai wuce 3 ba. Tana aiki, kuma ita zan fara ba ɗalibi. Amma dubi abin da rumbun zai yi: zai bi dukkan layuka 200,000, alhali abin da ake so bai wuce 102 ba in babu kunnen doki. Idan akwai fihirisa a kan karamar_hukuma sannan jimla, a wannan jerin, akwai gajeriyar hanya:

```
SELECT k.suna, s.lamba, s.jimla
FROM kananan_hukumomi k
CROSS JOIN LATERAL (
  SELECT lamba, jimla FROM sakamako
  WHERE karamar_hukuma = k.lamba
  ORDER BY jimla DESC
  LIMIT 3
) s;
```

Ga kowace ƙaramar hukuma, rumbun zai sauka daidai inda nata suka fara a fihirisa, ya ɗebi uku, ya wuce gaba. Sauka 34 ke nan. PostgreSQL ya samu LATERAL a 2013, MySQL a 8.0.14, SQL Server kuma yana kiran irinsa CROSS APPLY. Jerin ginshiƙan fihirisar, wato karamar_hukuma da jimla, ba abin wasa ba ne: in aka sa jimla a gaba, yaran Daura da na Malumfashi za su cakuɗe a cikinta, amfanin ya tafi. Kuma wannan hanyar ba kullum take cin nasara ba. Tana haskakawa ne idan rukunai kaɗan ne kowanne cike da layuka. In rukunan dubbai ne ƙanana, kamar uku na sama a kowane aji mai yara 40, to za a karanta kaso mai yawa na jadawalin ko ta yaya, PARTITION BY kuma yakan fi dacewa. A lura ma cewa LIMIT 3 halin ROW_NUMBER gare shi, yana yanke kunnen doki. Mai son halin RANK sai ya koma FETCH FIRST 3 ROWS WITH TIES.

Akwai wasu abubuwan da ke ɓata amsa tun kafin a zo maganar sauri, kuma duk daga bayanan kansu suke fitowa. Yaron da bai zauna jarabawa ba, gurbin makinsa fanko ne, abin da SQL ke kira NULL. PostgreSQL da Oracle suna ɗaukar NULL a matsayin wanda ya fi kowace lamba wajen jeri, saboda haka da ORDER BY jimla DESC, wanda bai zo ba shi zai hau na ɗaya. MySQL da SQLite da SQL Server kuwa ƙasa suke kai shi. Manhajar da ta yi shekara tana aiki lafiya a MySQL za ta iya canza hali ranar da aka mayar da ita PostgreSQL. WHERE jimla IS NOT NULL yana rufe wannan ƙofar a ko'ina.

Sai makin da aka ajiye a matsayin rubutu maimakon lamba, abin da ke yawan faruwa idan an kwaso bayanai daga Excel. Rubutu harafi-harafi ake gwada shi, don haka '95' ya fi '487' tunda 9 ta fi 4. SQLite ba ya tsananta wa irin abin da aka zuba a ginshiƙi, shi ya sa wannan ke wucewa a cikinsa ba tare da ko gargaɗi ba. Sai kuma matsakaicin maki. In katin sakamako ya nuna yara biyu da 76.5, amma a ciki ɗaya 76.48 ne ɗaya 76.52, rumbun zai ba su matsayi daban, uba kuma ya zo makaranta da kati biyu a hannu yana neman bayani, kuma yana da gaskiya. Ko dai a jera da lambar da aka nuna, ko a nuna lambar da aka jera da ita. Ginshiƙin ma gara ya zama DECIMAL ko NUMERIC, domin FLOAT ba ya riƙe yawancin lambobi masu ɗigo daidai, har makin da ya kamata su zo ɗaya su saɓa a can ƙarshen ɗigo.

Lissafi a cikin ORDER BY ma yana kashe fihirisa. In aka rubuta ORDER BY hausa + turanci + lissafi, fihirisar kowane darasi ba ta da amfani, domin babu inda aka ajiye jimlar a tsare. Sai a ajiye jimlar a nata ginshiƙin, ko a gina fihirisa a kan lissafin kansa. PostgreSQL ya daɗe da yarda da haka, MySQL ma ya yarda daga 8.0.13.

Duk wannan ba a tabbatar da shi da zato. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A sa EXPLAIN a gaban tambaya, rumbun zai faɗi hanyar da zai bi. EXPLAIN ANALYZE kuma zai gudanar da ita ya faɗi lokacin da ta ci. A PostgreSQL, "Seq Scan" da "Sort" a kan babban jadawali na nufin ya karanta komai ya jera, "Index Scan" da "Limit" a samansa na nufin ya ɗebi kaɗan ya tsaya. A MySQL, "Using filesort" ita ce alamar cewa fihirisa ba ta ɗauke masa jerin ba. A ƙaramin jadawali rumbun yakan yi watsi da fihirisa da gangan tunda karanta komai ya fi masa sauƙi, don haka gwajin sai da bayanai masu yawa, ko da na ƙirƙira ne.

Cikin bayanan gwajin a saka kunnen doki a sama, a saka wanda bai zauna ba, a kuma saka aji mai yara biyu kacal a nemi na uku. Hanyar LIMIT da OFFSET ba za ta dawo da ko layi ɗaya ba. Hanyar MAX, idan kowa makinsa ɗaya aka nemi na biyu, za ta dawo da layi ɗaya mai NULL a ciki. Manhajar da ke jiran amsa dole ta san bambancin waɗannan biyun, in ba haka ba za ta tsaya cak, ko ta buga takardar yabo da gurbin suna fanko.